Shekarar da Muka Shanye Tafkin Kanya

Bana ma ruwa ya zo mana yadda ya saba zuwa a 'yan shekarun nan, babu sallama. Da hantsi mutane suna gonakinsu, kafin la'asar ya shiga unguwar gangare ya kwantar da katangu, ya bar mata tsaye a ƙofar masallaci da tabarmi da tukwane a ka. Kwana huɗu ya yi ya janye. Da ƙasa ta ɗan tsane na ɗauki sandata na gangara fadama, don na tashi na ga manya suna zuwa duba abin da ruwa ya ajiye kafin su ce komai a kansa. Yashi na tarar, fari fat, ya binne shinkafar mutane. Sai ledoji rataye a jikin ƙaya, da takalmin roba ƙafa ɗaya. Na bi 'yan kududdufan da suka rage ina leƙawa ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko ɗan kifi yana motsi ba. Na dawo gida gwiwoyina suna ciwo, na zauna a zaure, aka kawo mini fura na kasa sha.

Yaran yanzu da sun ji an ce ruwa na tafe sai gabansu ya faɗi, kuma da gaskiyarsu. Mu da muka tashi a ƙauyen nan, yamma da Danchadi, inda tudu ya ƙare fadama ta fara, jiran ruwan muke yi kamar yadda ake jiran mahajjaci. Ba ma cewa ambaliya, sai dai mu ce gulbi ya kawo. Kuma ba ya zuwa da gudu. Sai gero ya fara fitar da kai, sannan wata safiya a ga kwarin bayan gari ya yi danshi, gobe a ga jan ruwa ya kwanta a ciki kamar kunu, jibi ya taɓa gindin giginya ta farko. Kullum taki ɗaya ko biyu yake ƙarawa. Shinkafar da muke shukawa a lokacin mai bin ruwa ce, in ya hau ta hau, har karanta ya wuce tsawon mutum, wata shekarar ma a cikin jirgi ake yankanta. Kifi kuwa yana biye da ruwan, ya baro gulbi ya shigo cikin ciyawa ya zuba ƙwai inda babu mai damunsa. In ka tsaya shiru a bakin ruwa da sassafe za ka ji ciyawa tana ƙas-ƙas, 'ya'yan kifi ne ke tsattsagarta. Sama ta cika da kirinjijiya masu fito, dinya ta sauka garke-garke, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar wanda aka ba ajiyar wurin. Kwaɗi kuma ba a maganarsu, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Janyewar ruwan ma a hankali take. Yana ja baya yana barin baƙar laka mai santsi, mai wani ƙamshi da ban sake jin irinsa ba. A cikinta muke dasa albasa da dankali, ba mu san takin buhu ba. Inda ya fi zurfi sai ciyawar burugu ta kwanta kore shar, Fulani su gangaro da shanu daga wajen Lambara su yi rani a kanta, kashin shanun ya koma cikin tafkuna ya yi wa kifi abinci. Mata da 'yan mata su tattare zane su shiga tsinkar bado, innata ta shanya 'ya'yansa a kan tabarma ta daka mana. Gari duka ya ɗauki ƙaurin banda. Aikina a lokacin shi ne jigo: in tsaya a bakin rami tun fitowar rana ina sauke guga ina ɗagawa, icen yana kuka, ruwan yana bin 'yar hanya zuwa kwamin albasa. Na tsani aikin nan ƙwarai. Kafaɗuna suna zafi, ƙafafuna suna tsagewa, ina ganin babu wanda ya kai ni wahala a duniya.

In ruwa ya gama janyewa yakan bar tafkuna a warwatse cikin fadama, kuma mahaifina ne mai kula da su. Sarkin Ruwa ake ce masa, ko da yake ba rawani gare shi ba, ba kuma doki, gado ne kawai daga kakansa. Shi ke cewa yau a shiga tafki kaza da homa, wato ragar kamun kifi, da gora, wancan kuma a bar shi sai wata mai kamawa. Babba a cikinsu shi ne Tafkin Kanya, mai zurfi, wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin ƙasansa ba. Sau ɗaya ake su, wato kamun kifi, a cikinsa a shekara, a gefe-gefe, kuma akwai wani lungu ƙarƙashin itatuwan kanya da ko ƙafa ba a sawa. Baba mutum ne marar yawan magana, siriri, idanunsa kullum ja saboda hasken ruwa. In wani ya matsa masa a kan lungun nan, abu ɗaya yake faɗa: "Duk kihin da kunka ci bana, uwayensu cikin Kanya sunka yi rani. In kun cinye uwayen, wa za shi haihwa muku na baɗi?" Yakan ɗebi ruwa a tafin hannu ya shinshina, ya faɗi ko gulbi ya gama hawa ko da saura. Ina yaro ina ganin abin kamar sihiri. Da na zama saurayi sai na fara ganinsa kamar tsufa.

Na yi aure a farkon mulkin farar hula, lokacin da motocin siyasa ke shigowa har ƙauyenmu da lasifika, kowa yana ganin wahala ta ƙare. A shekarun ne aka ce an tare gulbi can gabas da babbar madatsa. Ba mu ga madatsar ba, gulbin kawai muka gani ya canza hali. Shekarar farko ya zo a makare, ya tsaya a giginya ta uku ya juya. Ta biyu ko kwarin bayan gari bai cika ba, shinkafa ta bushe a tsaye tana jiran ruwan da ba zai zo ba. Damina kanta ta yi gardama, geron tudu ya yi kai kamar yatsa. Rediyo ya shiga maganar tsuke bakin aljihu, a Boɗinga mutum ya wuni a layi don sabulu da gishiri. Ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, muna ganin ungulu suna kewaya ruga. Ƙananan tafkuna duk suka ƙafe tun kafin sanyi ya shiga, ramin jigona ya zama ƙura. Kanya kaɗai ta rage da ruwa a fadama duka.

Matata Kulu tana goyon 'yarmu ta fari, Nana, kuma nono ya fara ɗaukewa. Yarinyar ba ta ma kuka sosai, wani ɗan sauti take yi kamar kyanwa. Rumbunmu na leƙa na ga abin da ke ciki ba zai kai mu bazara ba. A cikin wannan hali abokina Altine ya dawo daga Boɗinga da injin ban-ruwa, wanda ake ba ƙungiyoyin manoma, ja, ɗan ƙarami, mutum biyu suna ɗaukarsa. Mu goma sha biyu muka haɗu a kansa. Muka auna da ido, muka ga in an sa mesa a Kanya za a shayar da albasar da za ta ciyar da rabin gari. Na sami Baba a gida yana ɗinkin homa, na durƙusa na faɗa masa. Bai ɗago kai ba ya ce, "A'a." Na sake komawa washegari, ya ce, "Na gaya maka." Sai muka kai maganar gaban Magaji, mai garinmu.

Zauren ya cika ranar, har waje mutane suna tsaye. Magaji ya ba Baba magana tukuna.

"Allah shi ba ka nasara," in ji Baba, "jigo na ɗiban ruwa da ƙarhin mutum, in mutum ya gaji tahki shi huta. Wanga inji ba shi gajiya. In anka sa shi ga Kanya, ba ta kai bazara. Kuma gulbi ba shi da tabbas yanzu, ban san mi za shi cika ta ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Na ga maganar za ta mutu a nan. Altine ya taɓa ni da gwiwar hannu, amma ko bai taɓa ni ba da na tashi, don sautin Nana yana cikin kunnena.

"Allah shi ba ka nasara," na ce, "Baba na maganar kihin baɗi. Mu muna maganar ɗiyanmu da ba mu san ko suna kai baɗi ba."

Da na tsaya a nan, da ban yi laifi ba. Amma na ji samari suna cewa haka ne, haka ne, sai kaina ya yi zafi, na ƙara da cewa, "Ruwan ga ba na Baba na ba. Kuma sarautar ruwa ta ƙare tun randa gulbi ya bar zuwa."

Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali. A garinmu ɗa ba ya ɗaga murya a inda ubansa ya yi magana, balle ya tuɓe shi a gaban jama'a. Baba ya dubi yatsun ƙafarsa ya daɗe, sannan ya ce, "Magaji, ɗana ya yi magana. Ba ni da ta cewa bayan tashi." Ya ɗauki takalmansa ya fita. Magaji ya yi ta jan gemu, daga baya ya ce a sa injin.

Ba zan ɓoye ba, ranar da ruwa ya fara feshi daga bakin mesa na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Abin da nake wuni ina ɗagawa da jigo, injin ya zuba shi kafin a gama gaisawa. Albasa ta kama, ta yi kore har ido ba ya son barinta. Amma tun satin farko tsuntsaye suka tashi saboda ƙarar, ba su dawo ba. Bakin tafkin ya riƙa ja baya yana barin laka mai tsagewa. Wata rana Arɗo, shugaban Fulanin da ke rani a wurinmu tun kakanni, ya kawo 'yan shanun da ciwo ya bar masa. Kafin su kai ga ruwa wata saniya ta nutse a laka har ciki, muka wuni muna ja da igiya, daga ƙarshe aka yanka ta a wurin. Arɗo bai zage mu ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan Sarkin Ruwa?" Na ce ni ne. Ya ce, "To." Kwana biyu bayan haka suka kwashe bukkokinsu suka yi kudu. A gida kuwa Baba yana amsa gaisuwata, yana cin tuwon da Kulu ta kai masa, yana ɗaukar Nana ya yi mata wasa. Maganar ruwa ce kawai bai sake yi da ni ba, kuma bai sake taka hanyar Kanya ba.

Ana gab da cire albasa ruwan ya koma cikin lungun kanya kaɗai, bai wuce gwiwa ba. Kifin tafkin duka ya taru a nan, bayansu a waje, suna ta bugun juna. Ba wanda ya ba da izini, ba wanda ya nema. Gari ya fashe, maza da mata, da kwanduna da buhuna da zannuwa. Na ga kifayen da ban taɓa zaton akwai irinsu ba, tarwaɗa mai kai kamar turmi, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Mutane suna dariya suna kabbara, masu yunwa ne, ban ga laifinsu ba. Ana cikin haka sai ga Baba da jakinsa, an ɗaura masa tuluna biyu. Ya tattare wandonsa ya shiga lakar. Ba kamu yake yi ba. Yana bin mutane yana shafa cikin kifin da suka kama, in ya sami wadda yake nema ya ce, "Ba ni wagga don Allah, macce ta." Mutumin da a da sai ya ɗaga hannu ake shiga ruwa, yau shi ke roƙo. Wasu suka ba shi don kunya, wasu suka juya baya kamar ba su ji ba. Ya zuba abin da ya samu a tulunan da ruwa, ya toshe bakinsu da ɗanyar ciyawa, ya kora jakinsa ya nufi yamma, wajen uwar gulbi.

Na koma gida da kwandona a ka. Kulu ta tare ni a tsakar gida, ta riga ta ji labari. Ba ta taɓa yi mini magana da kaifi ba sai ranar.

"Malam, ka bar tsoho shi tahi gulbi shi kaɗai cikin wagga rana?"

"Bai kira ni ba."

"Shina kiran ka, bayan abin da kac ce mai gaban mutane? Aje kwandon ga ka bi shi."

Na cim masa ya wuce giginya ta ƙarshe. Ya waiwayo ya gan ni, sai ya miƙo mini sandar kora jakin. Muka yi ta tafiya a cikin fadamar da ta zama fili, ƙasa a tsattsage, kwanson katantanwa yana farfashewa a ƙarƙashin ƙafa. Lokaci-lokaci ya tsayar da jakin, ya kara kunne a jikin tulu, ya yayyafa masa ruwa daga gorarsa ta sha. Rana ta take tsaka kafin mu hango gaɓar gulbi. Gulbin kansa ya tsinke, yashi ne da 'yan gurabe, amma Baba ya san wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin gaɓa wanda ba ya ƙafewa, nan yake so ya saki kifayen. Tun kafin mu isa wari ya tarbe mu. Ruwan ya yi fari da cikin kifi, manya da ƙanana har da kwaɗi, duk a kife. Wasu mutane uku da ba mu sani ba suna kwasa da kwando, ga gwangwanin maganin ƙwari a yashe a gefe. Suka yi mana sannu, muka amsa.

Baba ya zauna a kan gaɓar, ya rungume gwiwoyinsa. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba. Na tsaya riƙe da igiyar jaki, na rasa inda zan sa idona. Can ya tashi ya yi taimama, muka yi azahar, muka juyo. A hanya ya buɗe tulunan ya tarar huɗu sun mutu. Ya ciro su ya soke a ƙaramin reshe ya miƙo mini.

"Kai ma Kulu. Mai shayarwa ta, a yi mata romo."

Bakwai suka kai gida da rai. Akwai tsohuwar rijiya a bayan gidanmu da muke shayar da awaki, ya sa na zura su a guga ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, kowace safiya bayan ya dawo masallaci zai tsaya a bakin rijiyar ya watsa musu dusa ko gara ko ragowar tuwo, ya leƙa ya daɗe. Gari ya yi sati yana cin kifin Kanya, hayaƙin banda ya rufe ko'ina. Baba bai sa ko tsoka ɗaya a bakinsa ba, Kulu tana yi masa miyar kuka daban.

Albasar ta yi kyau, wannan gaskiya ne kuma dole in faɗe shi. Motoci suka zo har bakin fadama suka ɗauka, muka sayo gero da dawa, babu gidan da ya yi bara a cikin mu goma sha biyu. Nonon Kulu ya dawo. Nana ta rayu, yanzu haka tana Mandera da jikokinta. Soja suka karɓi mulki muka ji a rediyo, fari ya ƙara tsanani, garuruwa da yawa suka watse, namu bai watse ba. Shekara da shekaru ina jera waɗannan a raina kamar mai shirin kare kansa gaban alƙali. Sai dai damina ta zo ta wuce gulbi bai kawo ba, wata ta sake zuwa ta wuce. Kanya ta bushe har ƙasa, muka ga ƙasan da tsofaffi ba su taɓa gani ba, ba komai a ciki sai baƙar laka da ƙasusuwa. Lakar kuwa ta fi ko'ina kyau, don haka aka raba cikin tafkin gona-gona, har da ni a masu rabo. Itatuwan kanyar aka sare biyu don suna yi wa albasa inuwa.

Baba ya kwanta ciwo a rani na uku. Wata safiya na kai masa kunu, na zauna a bakin gadon karansa, na ce, "Baba, maganar da niy yi zauren Magaji, ka yahe mani."

Ya ce, "Na yahe tun ranar. Kana da ɗiya ga hannu, na gani." Ya numfasa, sannan ya ce, "Amma yahewata ba ta cika tahki. Ka ba kihin rijiya abinci yau?"

Na ce na ba su.

"In gulbi ya kawo, ka hidda su. Kak ka bari su mutu cikin rami."

Bai kai damina ba. Ba a naɗa wani Sarkin Ruwa bayansa ba, ba wanda ya ma tayar da maganar.

Yau in ka tsaya inda Kanya take, inji ne ko'ina, kowa da rijiyar burtsatsensa, ƙararsu ba ta barin ka ji kiran salla daga gari. Albasa ta fi ta da yawa, ba na musu. Amma sai an zuba mata taki buhu-buhu, sai an yi mata feshi, kuma kowace shekara ana ƙara zurfin bututu. Kifin da ake ci a garinmu daga kasuwar Shagari ake kawo shi, na kiwo, mai taushi kamar auduga. Fulani in sun gangaro babu burugu, sai albasar mutane, daga nan sai faɗa. Da na ce wa matasa a nan wurin an taɓa yankan shinkafa a jirgi, sai su yi murmushi irin na ladabi. Na daina faɗa. Ban ce ni na tare gulbi ba, ban hana damina ba, kuma na san da ban sa injin ba wani zai sa. Duk na san wannan. Sanin bai taɓa sauke mini komai ba.

Daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba ce gulbi ya kawo. Ba irin na da ba, amma ya cika kwari, ya haye gonakinmu ya kwanta a cikin Kanya. Da hantsi na ɗaura igiya a ƙugu, Altine ya riƙe mini, na sauka rijiyar da homar Baba. Biyu kawai na samu. Sun rame, sun yi fari-fari saboda duhu, kai ya fi jiki girma. Na sa su a tulu na ɗauka a kafaɗa har bakin ruwa, na shiga zuwa gwiwa, wajen kanyar da ta rage, na karkata tulun a hankali. Ɗaya ta nutse nan take, ban sake ganinta ba. Ɗayar kuwa ta tsaya a sama, sai ta fara kewaye. Ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga ciyawa, ga hanyar gulbi a buɗe, amma ita tana zagaye ɗan wuri daidai faɗin rijiyarmu, in ta kai inda bango ya kamata ya kasance sai ta juyo. Na kaɗa ruwa da hannu, na tura ta da tafi, ta matsa kaɗan ta ci gaba da zagayenta. Na tsaya ina kallonta har rana ta fara cizo a wuyana. Daga nan Altine ya ƙwala mini kira daga tudu, ya ce ruwa ya kusa kaiwa ga injin. Na fito na bar ta tana kewayawa, muka je muka ɗauke shi.